Raket Biyu da Baba Ya Bari

Ina shagon ɗinkina a kasuwar Sabon Tasha labarin ya same ni. Ranar Asabar ce, ranar da soja suka miƙa mulki ga farar hula. Mai kemis ɗin da ke kusa da mu ya fito da talabijin ɗinsa ya ɗora a kan benci, mutane suka yi cincirindo suna kallo. Ni ban je ba, ina da ɗinkin da za a sa zuwa coci washegari. Ina jin tafi da sowa, ina taka keke.

Sai aka tare min haske. Na ɗaga kai na ga Alhaji, abokin wasan tanis ɗin Baba, wanda yake zuwa gidanmu daga Unguwar Mu'azu kowace Asabar. Ban taɓa ganinsa a kasuwa ba. Babu hula a kansa, jar ƙasa ta ɓata masa gwiwoyin wando, ga ƙwallo a hannunsa.

"'Yata, rufe shago."

"Lafiya, Alhaji? Yau kun tashi da wuri."

"Rufe dai. Ga ɗan acaɓa yana jira."

Daidai nan aka sake ɗaukar sowa a bakin kemis. Wani da ba mu sani ba ya kama hannun Alhaji yana jijjigawa, yana cewa, "Baba, barka! Sun tafi!" Alhaji ya ce masa barka kadai. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Sai haƙuri. Babanki ya riga mu."

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kun gama wasan?" Har yau ban san dalilin da ya sa na yi wannan tambaya ba. Alhaji ya dubi ƙwallon da ke hannunsa kamar yanzu ya fara ganinta. Ya ce, "Ba mu gama ba."

A hanya ya faɗa min yadda aka yi. Sun tsaya hutun sauya gefe, Baba ya zauna a benci ƙarƙashin mangwaro ya sha ruwa. Ya miƙa wa Alhaji ƙwallo ya ce, "Karɓi, sabis naka ne." Alhaji ya zagaya ya tsaya a bayan layi don ya fara bugu, ya juyo, ya ga Baba bai tashi ba. Ya yi masa tsiya, ya ce tsufa ne ko tsoro. Bai amsa ba.

Kafin yamma gida ya cika. Matan zumunta na coci suka zo da tulunansu na kiɗa suna waƙa a hankali. Tsofaffin ma'aikatan masaƙa suka zo daga Kakuri da Kudenda, wasu ban gan su ba tun ina yarinya. Kowa ya zauna sai ya yi gaisuwa, sannan ya sunkuya wajen na kusa da shi ya tambaye shi ko ya ga bikin a talabijin. Ban ga laifinsu ba. Ranar ba wanda ya san irin fuskar da ya kamata ya sa.

Tambaya ɗaya ce ta yi ta dawowa: a ina ya faɗi? In na ce a filin wasa, sai a dube ni. Wata tsohuwa daga cocinmu ta ce, "Wasa kuma? Dattijon ikkilisiya guda?" Wani ya ce ai motsa jini ne, likitoci ma suna so. Ta ce, "To, ga inda jinin ya motsa ya kai shi." Wani maƙwabcinmu ya ce shi kullum yana ji ana ƙirga sha biyar, talatin, ya ɗauka caca suke yi, kunya ce ta hana shi tambaya.

Da gidan ya yi wa mutane kaɗan, Yaya, babban wana, ya sa aka kawo rumfuna. Babu inda ya kai filin wasan Baba na bayan gida faɗi da laushi, sai aka kafa su a can. Ina tsaye aka buga turakun ƙarfe a cikin ƙasar da Baba ba ya bari ko kaza ta taka. Mata suka fara shanya zannuwan yara a kan raga. Ban san wa zan hana ba. Alhaji ne ya tashi, ya bi ta gefen layi bai taka ciki ba, ya ba matan haƙuri, ya kwance ragar ya naɗe ya kai ɗaki.

Washegari mutanen ƙauye suka iso: Baba Ƙarami, ƙanen Baba, da Goggo, yayarsu, da dattawan gidanmu. A ƙauye aka binne shi, kusa da iyayensa. Tarihin da aka karanta a coci ya faɗi baftismarsa, da aikinsa na fita, wato mai gyaran injuna, a masaƙa, da shekarun da ya yi yana dattijo. Ba a ambaci tanis ba. Baba Ƙarami ya ce ba za a tsaya gaban jama'a a ce wansa ya mutu da gajeren wando yana bin ƙwallo ba. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, ko da yake rubutu ba sana'ata ba ce. Ina so a san mutumin da ba a karanta ba. Ina kuma so in faɗi abin da ya faru da raket ɗinsa guda biyu, domin tun a makabarta su ne a raina. Na san za a yi rabon kaya, na kuma san in aka raba su, wasan ya mutu tare da shi.

Ga yadda ya same su. Tun yana saurayi a masaƙa akwai filin tanis na manyan ma'aikata. Wani Bature injiniya ya rasa abokin wasa, nasa ya koma ƙasarsu. Sai ya leƙa wurin gyaran injuna ya ga Baba dogo ne, ya ce ya biyo shi. Ya ba shi raket, ya ce, tsaya can, duk abin da ya zo ka mayar min. Baba yakan ce ya daɗe yana dukan iska kafin ya fara samun ƙwallo. Da Baturen zai tafi ya bar masa raket na katako guda biyu, ya ce ɗaya ba shi da amfani.

Daga nan Baba ya shiga neman mutum na biyu. Mama ta ce ita da ta yi daka ta yi wanki ba ta da sauran hannu. Fasto ya yi dariya. Yaya ya gwada, ya ga jan durom ɗin daɓe fili ya fi wasan yawa, ya gudu filin ƙwallon ƙafa. Alhaji ne, wanda yake sashen rini a lokacin, ya yarda, shi ma don Baba ya ce masa a gaban mutane ba zai iya ba. Alhaji bai taɓa sayen raket nasa ba. Da na biyun Baba ya yi ta wasa duk tsawon shekarun nan. Ya naɗe mariƙinsa da koren ƙyalle don kada a haɗa. Na Baba kuwa fatar mariƙin ta yi baƙi, ta lotsa daidai inda yatsunsa suke zama.

Da aka mayar da filin masaƙa wurin ajiye manyan motoci, Baba ya ce zai yi nasa a bayan gida, inda kowa yake tsammani zai gina ɗakunan haya. Ya yi ta yawo da baro yana fasa suri a bakin daji, ya ce ƙasar gara ce kaɗai take kamewa ba ta tsagewa. Ya baza, ya yayyafa ruwa, ya yi daɓe kamar yadda matan ƙauye suke yi wa tsakar ɗaki. Ya cika durom da kankare ya sa masa ƙarfen ja, don danne ƙasar. Layuka da toka yake zana su, yana bin igiya. Raga kuwa masunta ne suka saƙa masa a bakin kogi, ni na ɗinka mata farin ƙyalle a sama, shi ne ɗinki na farko da na yi wanda bai sa na warware ba.

Kowace Asabar kafin a fara sai an auna raga. Ba ya amfani da tef, ko da yake ga shi a gida. Yakan tsayar da raket ɗaya a tsakiyar raga, Alhaji ya ɗora kan ɗayan a kwance a bisansa. Inda suka ƙare, nan ne tsayin raga. Sai sun yi gardama a kan ko ta yi ko ba ta yi ba, ɗaya yana ja ɗaya yana sassautawa, sannan a fara.

Ni ban shiga wasan ba sai bayan rasuwar Mama, da na dawo gidan don in riƙa dafa masa abinci. Wata yamma ya ga ina zaune ni kaɗai, ya miƙo min raket mai koren ƙyalle ya ce, "Tashi ki tsaya can." Abin da ya faɗa min ranar bai da yawa. "Ki tsallakar da ita raga. Kada ta wuce layi. Kada ki bari ta taɓa ƙasa sau biyu a gefenki. Sauran duk surutu ne."

Amma surutun ne ya rikita ni. Mai sabis yana tsayawa a bayan layi ya buga a karkace zuwa cikin ɗan akwatin da ke ɗaya gefen. In ya kuskure ana ba shi dama ta biyu, in ya sake kuskurewa ya yi asara. Wannan na gane. Ƙirgar ce ta gagare ni. Ka ci sau ɗaya a ce sha biyar. Ka sake ci a ce talatin. Ka ƙara a ce arba'in. In kun yi arba'in-arba'in kuma sai wani ya ci biyu a jere kafin a ba shi gem, wato wannan zagayen, in ba haka ba ku yi ta komawa baya har rana ta faɗi.

"Baba, daga talatin ai arba'in da biyar ya kamata."

"Haka ne."

"To ina biyar ɗin ta tafi?"

"Ni ma haka na tarar. Buga."

Akwai dokar da ya fi so, ita ce yake kawowa ko ana maganar da ba ta shafi wasa ba. In gem ya ƙare, mai sabis zai miƙa ƙwallo ga abokinsa, ko shi ya ci ko an ci shi. A shekarun soja, in ya gama jin labarai ya kashe rediyo, yakan ce, "Mutanen nan ba su taɓa buga tanis ba. Sun riƙe sabis sun ƙi bayarwa." Da aka sa ranar miƙa mulki ya ce shi ba zai je kallon talabijin ba, a fili zai yi nasa bikin. Na ce masa ya huta ranar ɗaya mana. Ya ce, "Asabar ce."

Sun taɓa ɓatawa da Alhaji, ba da daɗewa ba, lokacin zaɓe. Kowa da jam'iyyarsa, kuma filin Baba ba shi da alƙali. In ƙwallo ta faɗi gefenka, kai za ka ce ta shiga ko ta fita, kuma maganarka ce za a bi. Ranar Alhaji ya buga wata ta sauka can ƙarshe, Baba ya ce ta fita.

"Toka ta tashi, Dattijo! Da idona na gani!"

"Iska ce."

"Wace iska? Ko ganyen mangwaro bai motsa ba. Haka kuke ƙirga ƙuri'a a mazaɓarku?"

"Alhaji, ka je a duba maka ido. Rini ya cinye shi."

Alhaji ya ajiye raket a kan benci, a hankali ba da jifa ba, ya sa hularsa ya tafi. Asabar ta zo bai zo ba. Baba ya ja durom, ya zana layi, ya ɗaura raga, ya zauna a benci har rana ta yi zafi, ya kwance ragar. Asabar ta gaba ma haka. Na ce masa ni zan buga da shi. Ya ce, "Ke ta yamma ce." Daga baya ya hau bas ya tafi Unguwar Mu'azu. Alhaji ne ya ba ni labari a zaman makoki. Ya ce Baba ya yi sallama, bai ko zauna ba ya ce, "Ta taɓa layi." Shi kuma ya ce, "Na sani. Wadda na ce ta fita kafin ita, ita ma ta taɓa." Suka sha shayi. Ba wanda ya sauya jam'iyya.

Wani abu kuma da na lura da shi ba tare da an faɗa min ba: in watan azumi ya kama, Baba yakan mayar da wasan zuwa yamma lis, kuma ba ya kai gorar ruwa fili. A hutun sauya gefe su biyu za su zauna leɓe a bushe. In an kira salla sai ya ƙwala min kira in kawo kunu. Na taɓa tambayarsa, ya ce ba zai ci mutum da ƙarfin ruwa ba.

A watannin ƙarshe ya fara koya min sabis. Ya ce bugun sama ba a fara shi da bugu. Ya ajiye raket a ƙasa a gaban ƙafata, ya ba ni ƙwallo a hannun hagu, ya ce in jefa ta sama miƙe, in bar ta ta faɗo. In ta faɗo kan igiyoyin raket, na yi daidai. Tawa takan tafi baya, ko ta faɗo min a ka. Ya ce, "Ba jifa ba ne. Ajiye ta za ki yi a sama, kamar kina ɗora kwano a kan kanta." Kullum da yamma abin da muke yi ke nan. Da na fara samu na ce to a koya min bugun. Ya ce, "Ba yanzu ba. Bayan damina, in fili ya bushe." Alhaji ba zai iya koya min ba, kafaɗarsa ta daɗe da lalacewa, ta ƙasa yake yin sabis.

Bayan mun dawo daga ƙauye aka zauna rabon kaya a tsakar gida. A garinmu ba 'ya'ya ne suke raba kayan uba ba, 'yan'uwansa ne. Abin da namiji ya yi gumi da shi, fartanya ko adda ko kwari da baka, yana komawa gidan kakanni, hannun maza. Mace ba ta magana a wurin sai an kira ta. Ina zaune a bakin kicin tare da Goggo. Alhaji yana waje a kan benci, ya ce shi baƙo ne, ba zai shiga maganar gida ba.

Aka shimfiɗa tabarma. Littafi Mai Tsarki aka ba Yaya. Sifanoni da keke aka ce na 'ya'yan Baba Ƙarami ne. Riguna aka rarraba. Komai yana tafiya daidai har aka zo kan raket. Wani dattijo ya ɗaga ɗaya ya leƙa mu ta cikin igiyoyin.

"Wannan kuma makami ne ko kayan aiki?"

Goggo ta ce, "Ni da na zo bara da shi na kaɗe katifa. Ya yi kyau ƙwarai. Mai shi ne ya kusa haɗiye ni."

Aka yi dariya, ta farko tun rasuwar. Wani ya ce in na kaɗe katifa ne ai kayan mata ne. Wani ya ce a'a, na wasa ne, a ba jikoki su yi ta fama. Da na ji an ce jikoki, na san kafin sati igiyoyin sun tsinke. Yaya ya ce, "Ni ban san kansu ba. Ga wadda ta sani can, ku tambaye ta."

Baba Ƙarami ya yafito ni. Na zo na durƙusa.

"'Yar wana, me ake yi da wannan?"

Na ce mutum biyu ne, kowa ya riƙe ɗaya, raga tana tsakaninsu, suna mayar wa juna ƙwallo.

"Ina gola?"

"Babu gola, Baba."

"To ina ake sa ƙwallon?"

"Ba a sa ta ko'ina. Ana buga ta ne inda ɗayan ba zai kai ba."

"Wato ka kira abokinka daga wata unguwa, ka yi ta ba shi abin da ba zai iya karɓa ba?"

"E, Baba. Amma a cikin layi."

Dattijon nan na farko ya ce to yaya ake sanin wanda ya ci. Na fara ƙirga musu. Da na kai arba'in ya ɗaga hannu ya ce in koma baya. Na koma. Ya ce, "Ina biyar?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Shi marigayin ya sani?" Na ce shi ma bai sani ba. Suka dubi juna suka yi dariya. Na ji duk abin da na shirya faɗa ya watse. Na ce dai, ina roƙon arziki, a bar su tare a gidan nan, domin ɗaya ba ya aiki sai da ɗaya, ko ragar ma da su biyun ake auna ta. Na ga ba su ji wannan ba, hankalinsu yana kan biyar ɗin da ta ɓata.

Baba Ƙarami bai sa baki a dariyar ba. Ya ɗauki na Baba, mai baƙin mariƙi, yana juya shi. Sai na ga ya sa yatsunsa a cikin lotsawar nan, ɗaya bayan ɗaya. Hannunsu iri ɗaya ne, ban taɓa lura ba sai ranar. Ya daɗe a haka.

"Wannan ne a hannunsa ranar?"

"Shi ne, Baba."

"To ba abin wasa ba ne. Abin da mutum ya riƙe har hannunsa ya ci shi haka, fartanyarsa ce." Ya dube mu. "Ya bar gida tun ina yaro. Ku kuka same shi, ku da mutanen birni. Mu sai Kirsimeti, ya kwana biyu ya ce Asabar ta kusa. Ban taɓa sanin abin da yake komawa yi ba."

Sannan ya gyara murya ya yi magana irin ta mai yanke hukunci. Ya ce bisa al'ada duka biyun gida za su tafi. Amma tun da Allah ya sa biyu ne, kuma yarinyar nan ta riƙe wansa har ƙarshe, shi zai yi abin da ba a saba yi ba. Ɗaya zai tafi gida, ɗaya a ba ta, ko da yake mace ce. Dattawa suka gyaɗa kai. Goggo ta yi guɗa a hankali ta ce, "Yi godiya mana! A garinmu wace mace aka taɓa ba?"

Na duba fuskarsa. Kyauta ce ya yi min, babba, a gaban mutane, kuma ya san za a yi masa magana a kanta a ƙauye. Har yanzu hannunsa yana kan mariƙin. Na nemi yadda zan ce masa rabin wannan abu daidai yake da babu, ban samu kalmar da ba za ta zama cin fuska ba. Na ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Da suka tafi na fita da mai koren ƙyalle na miƙa wa Alhaji. Na ce nasa ne, shi ya san shi. Ya mayar da hannuwansa baya. Ya ce, "In buga wa wa, 'yata?"

An ce na Baba yana rataye a ɗakin Baba Ƙarami, kusa da bakan kakanmu, kuma ba ya bari yara su taɓa. Wani lokaci wannan yana sanyaya min rai, wani lokaci ba ya yi. Ban san wanne ne daidai ba.

Damina ta yi wa filin ɓarna. Ramukan turaku suka zama tafkuna, ciyawa ta fito. Na ciccike su da ƙasar suri, na ja durom iya ƙarfina. Yaya, wanda bai taɓa son wasan ba, ya shigo wata rana da raket na ƙarfe da ya samo a gwanjo, ya ajiye min. Kansa ya fi na katako faɗi nesa ba kusa ba. Da Alhaji ya zo muka gwada auna raga da shi, ta yi tsawo. Muka juya, muka sa na katako a sama, nan ma Alhaji ya ce ba haka take ba. Ya ɗaure ta da ido, ya ja da baya ya duba, ya sassauta, ya sake ja. Ba wanda zai yi masa gardama. Ya tsaya yana jira kamar za a yi, sannan ya ce, "Bar ta haka."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙwallo. Na gane ta, ita ce ya shigo da ita shagona.

"Ranar sabis nawa ne, ban buga ba. Ba zan iya ba kuma. Karɓi."

Na je bayan layi na tsaya yadda aka nuna min. Na ɗaga hannun hagu na ajiye ta a sama. Ta tafi miƙe, ba ta karkace ba, ta ɗan tsaya, ta fara saukowa. Raket yana hannuna na dama. Ban san lokacin da ake ɗaga shi ba, ban san ta inda yake bi ba. Ƙwallon ta faɗo a gaban ƙafata, daidai inda Baba yake so.

Allah ya ba shi hutawa. Jefawa ya koya min. Ya ce bugun sai bayan damina, ga damina ta wuce, fili ya bushe, ba mu kai ga bugun ba.